Ki Kwance Cikinki, Tahani

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Tahani. Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa motar da kika shiga ta ƙetare gadojin nan lafiya, ta sauke ki a Hajj Yusuf, ke da kayanki ba abin da ya taɓa ku. Allah Ya tsare ki daga direba mai gaggawa, da raksha, keken nan mai ƙafa uku, mai shan kwana ba ta duba ba, da bakin matan unguwa. Ki gaishe min da Gwaggonki Zainabu. Gaisuwa kawai na ba ki ki kai mata, sauran maganarta tana tafe a ƙasa.

Za ki yi mamakin tsintar takarda a jakarki, alhali ɗaki ɗaya muke kwana. To, ke kika jawo. Duk lokacin da na buɗe baki sai ki ce, "Ma fi haja, Yumma," wai babu komai, ki ɗauki waya ki fice tsakar gida. In na aiko miki da murya ta wayar, na ga yadda kike yi, kina danna wani abu ya sa ina magana da gudu kamar ana bi na da sanda. Shi ya sa na zauna na rubuta da ajamin da kakanki ya koya mana, wanda ba za ki iya karanta shi a tsaye ba. Kuma da Hausa na rubuta, ko da yake Larabci ya fi miki sauƙi, domin idan raina ya ɓaci Larabcina guduwa yake yi ya bar ni. Raina kuwa a ɓace yake, da ke, da mutanen unguwar nan, da kaina.

Ranar da aka kawo ki gida a raksha, bayan kin yanke jiki kin faɗi a tashar mota, kin ce min rana ce. Na yarda a baki. Amma da na kama ki zan kwantar da ke a kan angareb, gadonmu na igiya, hannuna ya ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin rigarki. Na ɗaga. Farin ƙyalle ne kika naɗe cikinki da shi tun daga ƙasan ƙirji har mara, kika ɗaure tamau har ya yi miki jan shata a fata. Kika fizge rigar, kika juya fuska bango. Na san ƙyallen nan, Tahani. Na san ƙunar gawayin da ke gefensa. Daga ƙasan akwatina na ƙarfe kika ɗauko shi, kin ga dogo ne mai ƙarfi, ba mai nemansa. Jiya kuma, da kika shiga wanka, na gan shi a ninke cikin jakar tafiyarki, ƙarƙashin tob ɗinki, lafayar nan mai ruwan toka. Wato da shi za ki fara aikin koyar da yara, da shi za ki zauna a gidan Gwaggonki, ciki a ɗaure, baki a rufe, har ranar da za ki sake faɗuwa inda ba wanda ya san gidanmu.

Ba ki san mene ne ƙyallen nan ba, don ban taɓa gaya miki ba. Yau za ki sani.

Lokacin da babanki ya rasu, ke ba a daɗe da yaye ki ba, yayanki kuwa bai shiga makaranta ba. Na shiga takaba irin tamu ta nan: farar damuriya, yadin audugar nan mai kaushi, a jiki, tabarma a ƙasa, ɗaki ɗaya, ba leƙa ko bakin ƙofa. Gwaggonki Zainabu, da yake ita ce yayar mamaci, ta taso daga Hajj Yusuf ta zauna da ni. Mutanen unguwarmu Dar Salam kuwa, Allah Ya saka musu, ba su bar mu da yunwa ba. Babanki ya yi shekaru yana gasa agashe a bakin titi, ba gidan da bai ci namansa ba, sai kowa ya ga wajibi ne siniyarsa, wato tiren abinci, ta shigo mana. Da hantsi dafaffen waken ful da man riɗi da ɗanyar albasa da burodi. Kafin ya sauka, shayi da madara. Da la'asar wata siniyar, da magariba wata madarar. In na ture kwano, sai Gwaggonki ta dawo da shi gabana.

"Alek Allah, ki ci."

"Yaya, cikina ya cika."

"Alek Allah na ce. Maƙwabta ne suka aiko, so kike a mayar musu da siniya yadda ta zo?"

Kin san yadda muke. In an haɗa mutum da Allah a kan abinci, ƙin ci ya zama raina sunan da aka kira da raina gidan da ya dafa. Sai in ci, hawaye na zuba a cikin kwanon. Ba tafiya, ba motsi, ga baƙin ciki. Banɗaki kuma yana can ƙarshen gida, sai an ratsa inda 'yan'uwan babanki maza suke zama, ni kuma ina jin kunyar su ga mai takaba tana kai da kawowa da buta. Sai in riƙe.

A nan cikina ya koyi halin da bai bari ba har yau. Da safe in tashi yana lafe. Kafin azahar ya fara tasowa. Da la'asar ya yi tam, in an buga shi ya amsa kamar ganga, ga murɗa a ƙasan cibiya, ga ƙugi. Wani makon bayan gida ya ƙi zuwa, wani makon ya zo da gudu. In na samu na zaga, ko iska ta fita, sai in ji sauƙi. Gari ya waye, ciki ya koma kamar ba shi ba. Ki sake karanta wannan wurin, ki gaya min ko ba haka naki yake yi ba.

Wautata ta farko ke nan, na ci abinci don fuskar mutane. Duk waɗanda suka haɗa ni da Allah, ba wadda ta taɓa ɗaukar min rabin murɗar nan. Ta rantsar da ke, ta wanke hannu, ta tafi gidanta tana jin ta yi alheri, ke kuma a bar ki kina juyi a kan tabarma. Saboda haka idan aka ajiye miki abin da kika san cikinki ba ya so, ki yi godiya, ki ce yana sa ki ciwo, ki ture. Ba rashin tarbiyya ba ne. Ni na yi miki tarbiyyar, ni na ce ki ture.

Da na fita takaba sai na kafa wurin shayi a kasuwar Suk al-Shabi, gefen da motoci ke lodi, don ku ci ku sha. Ina barin gida tun kafin matan unguwa su buɗe ƙofa, ina dawowa bayan la'asar, lokacin da kowacce ta fito da kujerarta waje. Ki lura da wannan. Unguwa ba ta taɓa ganin cikina na safe ba. Na yamma kaɗai take gani, wanda ya wuni a tanƙware kan 'yar kujerar shayi, ya sha kofin jabana mai ƙarfi ba komai a ƙasa, ya haɗiyi burodi jiƙaƙƙe da ruwan ful a tsaitsaye, ya kuma wuni a riƙe, don a kasuwar ba inda mace za ta zaga da mutuncinta. Mace da sauran ƙuruciyarta, mijinta ya fi shekara a ƙasa, tana wuni cikin direbobi, tana dawowa da ciki a gaba. Ba sai na gaya miki lissafin da suka yi ba.

Masu kirkin cikinsu suka ce kwantacce ne, wai cikin marigayi ne ya yi barci, yanzu ya farka. Sauran kuwa har sun zaɓar min direba, sun san launin motarsa. Matar da nake ɗibar wa gawayi kyauta ta daina amsa sallamata. Wata ta janye 'yarta daga wasa da ke, ke da ko magana ba ki gama iyawa ba.

Sai na yi abin da kika yi. Na ɗauko damuriyar takabata, na yage dogon ƙyalle daga gefenta, na fara naɗe cikina kullum kafin in fita. Ƙunar nan da kika gani, a wurin shayi ya same ta, ranar da bakinsa ya zazzago kusa da murhu. Kin san abin da ɗaurin ya yi min? Iskar da ke neman hanya ta rasa hanya. Murɗa ta ninku. Ƙwarnafi ya dinga taso min har maƙogwaro, numfashi ya zama rabi, in na sunkuya ɗaukar buta sai in ga duhu. Kuma bai ɓoye komai ba. Na je ta'aziyya wani gida, muka rungumi juna da matar gidan muna kuka kamar yadda ake yi, hannunta ya sauka a bayana ya ji ɗaurin. Kukan nata ya tsaya cak. Kafin in isa gida labari ya riga ni, wai ba mai ɗaure ciki sai mai ɓoye abu.

Wauta ta biyu ke nan. Ciwo ne da ni, amma na yi ta ɓoye shi yadda ake ɓoye laifi, mutane kuwa suka karɓe shi a yadda na miƙa musu. Ke ma abin da kike yi ke nan. Ƙyallen nan ba ya rufe bakin kowa, ƙara buɗe shi yake yi, sannan ya bar ki da ciwo biyu.

Wata Juma'a, ranar da ba na fita kasuwa, sai ga Gwaggonki ta sauko daga mota da babbar siniya, fatta, wato burodi jiƙe da romo, da nama da albasa, da kwalaben lemo mai gas. Baffanki na biye da ita, amma bai shigo ba, ya zauna a waje a inuwar katanga. Ni wawiya har da murna, na ce dangin miji sun tuna da marayu. Ta zaunar da ni.

"Alek Allah, ki ci. Duk kin rame."

Na ci, na sha lemon, ga ƙyallen da na ɗaura don ganin baƙi yana matse ni. Da la'asar ta yi, ciki ya kai inda yake kaiwa, sai aka yi sallama. Hajja Batul ce, unguwarzomar da ta karɓi haihuwarku, da wasu matan unguwa a bayanta, wai sun zo gaida baƙuwa.

"Shiga ɗaki," in ji Gwaggonki. "Hajja za ta duba ki."

"Duba me, Yaya?"

"Ke ma kin sani. In babu komai, halas, shi ke nan, bakin mutane ya mutu. In kuma akwai, Baffansu yana waje. 'Ya'yan ƙanena ba za su kwana a gidan nan ba."

Kin ji? Da hannunta ta cika min ciki, sannan ta kira shaidu su zo su ga ya cika. Ban ce da gangan ta yi ba, ba ta san abin da abinci ke yi min ba, tunda ban taɓa faɗa mata ba. Amma har yau in na tuna siniyar nan sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Na kwanta, don ba ni da zaɓi, ku za a ƙwace min. Kina maƙale da ƙafar angareb kina kallo. Hajja Batul ta warware ƙyallen zagaye bayan zagaye, matan nan suna ta kallon juna. Da ta ga shatar da ya yi min sai ta ja tsaki. Ta shafa, ta ƙwanƙwasa da yatsu, ta kara kunne, sannan ta danna gefen hagu da ƙarfi. Ba zan yi miki kunya ba, tunda kunya ce ta kai mu nan. Iskar da na wuni ina riƙewa ta fita, da ƙara, har na tabbata Baffanki ya ji daga waje.

Hajja Batul ta miƙe tana gyara tob ɗinta. Ta ce, "To, Zainabu, ga ɗan naku ya yi sallama, sai ku raɗa masa suna. Babu kowa a cikin nan, ya jama'a, iskar hanji ce. Baiwar Allah ciwo ne da ita, ku kuma kun zo kallo."

Matan suka tuntsire da dariya. Gwaggonki ta ce, "Alhamdu lillahi. Dama mun sani. Don a toshe bakin mutane ne."

Dama mun sani. Ba a ce yi haƙuri ba, ba a ce mun zalunce ki ba. Baffanki ya kaɗe jallabiyarsa ya wuce masallaci. Ni kuma kin san abin da na yi? Na tashi na hura wuta, na dafa musu jabana, na zuba musu har suka ƙara, na raka su ƙofa ina godiya. Wannan ita ce wautar da ta fi ci min rai. An tuɓe ni a gaban matan da suka ƙulla min sharri, ni kuma na biya su da kofi.

Ki ji ni da kyau. Jikinki ba na unguwa ba ne, ba na dangi ba ne. Ba wanda ke da ikon kwantar da ke ya tara mutane a duba ki, ko da yayar babanki ce, ko da ni ce. Wadda ke da tambaya ta zo ta same ni. Dubawa kuwa ta likita ce, da ƙafarki za ki je, a ɗaki, ƙofa a rufe.

Ranar na ninke ƙyallen na jefa ƙasan akwati. Ban san abin da ya sa na ajiye shi ba. Da na san hannun da zai faɗa, da tun a lokacin na wurga shi kogi daga kan gada.

An wanke ni daga zargi, amma ciwon yana nan, kuma wannan bai dami kowa ba. Duk wadda na gaya wa sai ta zama likita. Wata ta ce giyardiya ce, ƙwayar cutar hanji, na je kantin magani na karɓi ƙwayoyin nan masu barin ɗacin ƙarfe a baki, ba tare da an auna ni ba. Na sha, na sake sha, har harshena ya daina gane ɗanɗanon shayin da nake sayarwa. Wata ta ce kanwa, wata ta ce hulba, wata ta ce a kai ni a yi min lalas da ƙarfe a ciki, kuma saura kaɗan in yarda. Shekaru na yi a haka. Sai ranar da murɗa ta kama ni na saki butar shayi a ƙafar wani fasinja, na rufe wurin, na tafi asibiti.

Likitar mace ce. Ta yi min tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi min. Yaushe yake tashi, yaushe yake sauka, me na ci, ko na ga jini, ko ina ramewa, ko ciwon na tashe ni daga barci. Ta sa aka auna jini da bayan gida, aka ɗauki hoton ciki. Da na koma sai ta ce:

"Musran ne, ya Hajja, wanda muke kira asabi. Hanjinki ba shi da rauni, ba shi da ƙari, saurin fushi gare shi. Abin da hanjin wani zai bari ya wuce, naki sai ya tsaya ya yi rigima da shi, ko abinci ne ko damuwa. Ba ya kisa. Amma ba zan yi miki alkawarin zai tafi gaba ɗaya ba, zama da shi za ki koya."

Na ce mata, to, halin mai shi ya ɗauko.

Ta ce kada in bar komai lokaci ɗaya, in ajiye abu guda na ɗan lokaci in ga yadda ciki zai yi, sannan in gwada wani. A haka na gano abokan gabata: ɗanyar albasa, ful in ya wuce ɗan kaɗan, madara, lemo mai gas, da cingam. Kisra, wainar dawarmu mai faɗi, da shinkafa ba ruwansu da ni. Na koyi ci kaɗan-kaɗan, a zaune, ina taunawa. Na koyi sauka daga mota kafin tasharmu in ƙarasa da ƙafa. Na'ana'a a ruwan zafi tana ɗan lallashinsa. Ni da sauran masu shayi muka roƙi wani gida a bayan kasuwa suka bar mu muna zagawa. Duk da haka, ranar da aka ɓata min rai, ko ruwa kawai na sha sai ya tashi. Yanzu haka da nake rubutun nan a tashe yake, ke kika tashe shi.

Amma kada ki karanta wannan ki ce shi ke nan, ciwon Yumma ne da ni, ki sha na'ana'a ki kwanta. Ni mai shayi ce, ba likita ba. Kumburin ciki ba na musran kaɗai ba ne, musamman mu mata, akwai ciwon mahaifa da na ƙwan mace da ke farawa da shi. Makon farko da kika sauka, ki je a auna ki. Ki faɗa mata komai, har da ɗaurin, har da faɗuwar, har da yadda al'adarki take zuwa. Za ta tambaye ki ko zai yiwu ciki ne, kowa take tambaya, ki amsa kada ki yi fushi. In kuwa kika ga jini, ko kumburin ya daina sauka da safe, ko zazzaɓi da amai, ko ciwo ya riƙa tashe ki daga barci, ko kina ta ramewa alhali kina ci, wannan ba abin jiran hutun mako ba ne, ranar za ki je.

Kuma ki daina dabarar nan taki, na gan ta. Ki wuni ba ci don kada ciki ya fito, cingam a baki, kwalbar lemo a hannu, sai magariba ki afka wa kwano gaba ɗaya. Cingam da lemon iska suke cusa miki, yunwar ta kayar da ke a tasha, kwanon magaribar ya ƙarasa sauran. In da so kike ki kumbura da gangan, da ba ki sami hanyar da ta fi wannan ba.

Na kuma san mafarin abin. Ranar lallen 'yar maƙwabtanmu wata ta dube ki ta ce, "Mashallah Tahani, tob ya matse, ko akwai labari?" aka yi dariya. Kika dawo gida ba ki ci abinci ba. Daga bakin wasu na ji, ba daga naki ba, wannan ma ya yi min ciwo. Na je gidan matar. Abin da na gaya mata ba na takarda ba ne, amma ta ji shi, maƙwabtanta ma sun ji.

Saura maganar Gwaggonki. Bari in ba ki makamin da na daɗe ban samu ba. Ranar sunan jikanta na fari, ta turo min kwanon ful da albasa a gaban mata cike da tsakar gida.

"Alek Allah, Hajara."

Na ce, "Ni ma alek Allah, Yaya, ki ɗauke shi. Yana sa ni ciwo. Ki ba ni kisra."

Ta yi sororo. Ba ta taɓa tunanin rantsuwar tana iya juyowa ta same ta ba. Wata tsohuwa a gefe ta ce, "Ai kuwa ta haɗa ki da Allah, Zainabu, sai ki ɗauke." Aka ɗauke, aka kawo kisra. Ba wanda ya mutu, suna bai fasa ba. Na zauna ina ci ina jin haushin duk shekarun da na yi ban faɗi wannan 'yar maganar ba.

Shekaranjiya na kira ta a waya. Na ce, "Yaya, Tahani na tafe. Cikinta na kumbura da yamma kamar nawa, za ta ga likita. Abin da ta ce ba ta ci, kada a haɗa ta da Allah. In kuma wata ta fara lissafi a kanta, ni za a kira, ba unguwarzoma ba."

Ta ce, "Hajara, har yanzu ba ki manta ba? Abin da ya wuce tun yarinyar nan ba ta iya magana ba?"

"Na yafe, Yaya. Mantawa ce ban yi ba."

Sai ta ce, "To, ta zo. 'Yata ce. Me take ci?"

Tun da na san matar nan, ranar ce ta fara tambayar abin da mutum ke ci kafin ta ɗora tukunya. Saboda haka ki girmama ta, ki taya ta aikin gida, kada ki ɗauki fushina ki kai mata, nawa ne. Ba muguwa ba ce. Ita ta goya ki lokacin da kika yi ƙyanda, ina kasuwa. Tsoron bakin mutane ne ya yi mata yawa, kuma shi nake gani yana tsiro a jikinki. Na san za ki ji haushi na faɗa mata sirrinki. Ki ji haushin, ya fi min sauƙi a kan a kira ni a ce an tsince ki a ƙasa.

Kada ki wahalar da kanki zazzage jaka kina neman ƙyallen. Na ɗauke shi. Yau na tafi da shi kasuwa, na yayyaga shi, na hura gawayi da shi. Damuriya tana kama wuta da kyau. Shayin da direbobin nan suka sha da safe, su da unguwa ta taɓa aurar da ni gare su a baki, da shi aka tafasa, har wani ya ce yau shayin ya fi daɗi. A inda kika ɓoye shi na sa miki wannan takardar da siket biyu da na ba da aka ɗinka, masu zariya. Da safe ki ja zariyar, da la'asar ki sassauta ta.

Allah Ya tsare ki a tafiyarki da zamanki, Ya sa albarka a aikinki, Ya sa yaran da za ki koyar su ji maganarki fiye da yadda kike jin tawa. Ya haɗa ki da likita mai sauraro, Ya sa abin da za a gano ya zo da sauƙi. Ya jiƙan babanki, Ya raya ku.

In Juma'a ta zagayo za ki zo gida, kada ki zo da safe. Ki ci abincinki, ki taho da yamma, lokacin da kowacce ta fito da kujerarta. Ki bi ta gabansu a hankali, ki gaishe su ɗaya bayan ɗaya, cikinki yadda Allah Ya bar shi. Zan tsaya a bakin ƙofa in tare ki, nawa ma a sake.

Mahaifiyarki,
Hajara,
Dar Salam, Omdurman.